Gawar da Ba a Zuwa Ta'aziyyarta

A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka far wa Gidan Goga, a Ƙaramar Hukumar Maradun, suka kashe fiye da mutum 20. A irin wannan rana maƙwabta ke riga gwamnati isowa. Su ke haƙa kabari, su ba marayu dawo, su buɗe zaurukansu ga 'yan gudun hijira. Wannan kam mun iya.

Amma akwai gawar da ba ta samun wannan gata: Bafulatanin da 'yan sa-kai suka tare a hanyar kasuwa, ba a kama shi da komai ba sai kamanninsa da harshensa. Wa ke zuwa rugarsa ta'aziyya? Na san amsar da za a ba ni, cewa danginsa ne suka ƙone mana rumbuna. Aikina rubuta manhajar kwamfuta, kuma na ga ɓarnar da ake yi idan aka ba mutum dubu lamba guda.

A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Muna bukatarsu, ban musa ba. Ina dai son sanin ko matar wancan makiyayin za ta iya kai musu ƙara, su saurare ta.