Fatalwar Otal Ɗin Bakin Kogi: Wane Haƙƙi Matattu Suke Da Shi A Kanmu?

A ƙasar Kolambiya ta Kudancin Amurka, kimanin kilomita 30 daga babban birnin Bogota, Kogin Bogota yana faɗowa daga kan dutse mai tsayin fiye da mita 130. Sunan wannan matsirgar ruwa Tekendama. A bakin ramin, daura da inda ruwan yake zuba, akwai wani tsohon bene mai suna Hotel del Salto. An gina shi cikin shekarun 1920 bisa fasalin gine-ginen Faransa, aka buɗe shi a matsayin masauƙi a 1928. Masu hali sukan zo ta jirgin ƙasa su ci, su sha, su ba idonsu abinci. Zuwa shekarun 1990 an rufe shi, gansakuka ta rufe bango, hazo yana kwana a tagoginsa.

Daga nan labaran fatalwa suka yi ƙarfi. Wasu sun ce sun ji kuka cikin dare, wasu sun ce sun ga inuwa tana giftawa a ɗakunan da babu kowa. Akwai kuma tsohuwar almara cewa mutanen Muwiska, 'yan asalin wurin, sun gwammace faɗawa ramin da su zama bayin Turawan Sifen. Abin da yake tabbatacce shi ne, cikin ƙarni na ashirin mutane da dama waɗanda duniya ta yi wa zafi sun je wurin sun kashe kansu. Su ne ake cewa suna yawo a otal ɗin.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da labarin ƙasa mai nisa haka? Ai ko a garuruwanmu ba a rasa kangon da yara suke gudu in sun zo wucewa da magariba. Tambayar ɗaya ce ko'ina: daidai ne mu mai da mutuwar wani abin hira da nishaɗi?

Bari mu fara da abin da ya kori baƙi daga otal ɗin. Babban dalili shi ne kogin da kansa. Majemu na can sama suna zuba dauɗarsu a ciki, masana'antu suna ƙarawa, ƙazantar birni mai miliyoyin mutane kuma ta yi shekaru tana shiga ba tare da an tace yawancinta ba. Ruwan ya yi baƙi, ya yi kumfa, ɗoyi ya cika wurin. Wa zai biya kuɗi ya kwana a bakin masai? Al'amarin ya kai har a 2014 wata babbar kotun ƙasar ta umarci hukumomi su tsabtace kogin. Masu rai ne suka kashe otal ɗin, amma sunan matattu ne ya ɓaci.

A nan ne hatsarin labarin fatalwa yake. Fatalwa ba ta tuhumar kowa. In muka ce aljanu ko kurwar matattu ce ta lalata wuri, babu mai majema da zai gyara aikinsa, babu hukumar da za a tambaya. Haka kuma ga waɗanda suka mutu a wurin. Kowannensu ɗan wani ne, ko 'yar wata, yana da suna, yana da abin da ya dame shi, wataƙila ya nemi mai saurare bai samu ba. Da muka mai da shi inuwa a taga, mun huta da tambaya mai nauyi: ina maƙwabtansa suke sa'ad da yake da rai?

Wani zai ce, ai hira ce kawai, tana kuma sa a tuna da wurin. Wani kuma zai ce, Littafi Mai Tsarki ma ya yi maganar mugayen ruhohi, don me za mu ƙaryata wanda ya ce ya ji wani abu? Ba mu ce duk mai ba da labarin maƙaryaci ne ba. Mutumin da ya shiga kango da dare, ga rurin ruwa, ga hazo, ga labarin da ya riga ya ji, lalle zai ji abin da zai tayar masa da tsikar jiki. Almajirai ma da suka ga Yesu yana tafiya a kan ruwa sun zaci fatalwa ce, kamar yadda Matiyu sura 14 ta nuna. Tsoronsu gaskiya ne, fassararsu ce kuskure. Misalin mai arziki da Li'azaru a Luka sura 16 kuwa bai nuna matattu suna yawo a gidajen duniya ba. Ya nuna mutumin da ya bar mabukaci a ƙofarsa har lokaci ya ƙure, ya kuma nuna cewa masu rai suna da isasshen gargaɗi a hannunsu.

Saboda haka haƙƙin matattu a kanmu biyu ne: gaskiya da jinƙai. Mu faɗi abin da ya same su ba ƙari, mu ambace su da ladabi, domin danginsu suna nan suna ji. Sauran bashin kuwa ga masu rai za mu biya shi.

Yau an gyara wancan ginin, ya zama gidan tarihi inda ake koya wa baƙi labarin kogin da halittun yankin. Wannan ya fi kowace tatsuniya girmama wurin.

Ya ku iyaye, in yaro ya dawo gida da labarin fatalwa, kada mu yi masa dariya, kada kuma mu ƙara masa tsoro. Mu tambaye shi: wane ne ya taɓa zama a gidan nan, me ya same shi? Sa'an nan mu duba cikin ikilisiya da unguwa. Akwai gwauruwar da ta daina zuwa sujada, akwai saurayin da ya yi shiru tun da ya rasa aiki. Mu je mu gaishe su tun suna iya amsawa. Ubangiji ya ba mu kunnen jin kukan masu rai. Amin.