Gidan Kason da Babu Kowa a Ciki

Ƙanwata ce ta jawo ni cikin wannan magana. Wani dare na dawo daga tasha, an ɗauke wuta a Zango kamar yadda aka saba in zafi ya kankama, na same ta a tsakar gida bisa tabarma, hasken waya a fuskarta, tana share hawaye da bakin mayafi. Na tambaye ta wa ya rasu. Ta ce, "Yaya, ba kowa. Wani ne aka sake kamawa ranar da aka sallame shi." Na ce ɗan gidan wa? Ta miƙo mini wayar. Ashe ɗan Koriya ne, kuma cikin fim.

Na yi mata dariya a daren. Kafin mako biyu ni ma na cinye shirin kaf, kashi 16, kowanne ya haura awa guda.

Sunansa Prison Playbook. Tashar tvN ta Koriya ta Kudu ta nuna shi daga Nuwamban 2017 zuwa Janairun 2018, Shin Won-ho ne ya ba da umarni. Labarin wani gwanin wasan besbol ne, Kim Je-hyuk, wanda ana gab da tafiyarsa Amurka ya bi wani mutum da ya nemi yi wa ƙanwarsa fyaɗe ya ji masa mummunan rauni, kotu ta ɗaure shi shekara guda. Daga nan sai zaman ɗaki ɗaya da mutanen da bai zaɓa ba: tsohon ɗan daba da ya kwashe shekaru a ciki, hafsan soja da aka ɗora wa kisan da bai yi ba, da wani ɗan masu kuɗi mai suna Han-yang da ƙwaya ta cinye. Akwai kuma gandiroba mai ashar a baki da tausayi a ciki. Ana dariya sosai a shirin. Faɗa kan wurin kwanciya, rabon abinci, wa ya yi minshari. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya zai gane mutanen nan.

Abin da ya tsaya mini a rai ya zo daga baya. Ƙanwar tawa ta ce in Allah ya kai ta Koriya, kafin ta ga komai sai ta ga inda aka ɗauki shirin. Wurin gidan kaso ne na gaske, a Jangheung, can kudancin ƙasar. Ya yi kimanin shekara 40 yana tsare mutane tun tsakiyar shekarun 1970, sannan aka kwashe su zuwa sabon gini aka bar tsohon da ƙofofinsa na ƙarfe. Masu fim suka same shi a sama. Yanzu hukumar yankin ta buɗe shi ga masu ziyara, har ta laƙaba masa suna daga Papillon, fursunan nan na Faransa da labarin gudunsa ya zagaya duniya. Akwai wani kuma a Iksan, shi tsohuwar makarantar firamare ce da aka rufe, aka mai da ita siffar gidan kaso a 2005 don wani fim, daga baya aka ɗauki Miracle in Cell No. 7 na 2013 a can. Baƙi kan sa rigar fursuna, a maƙala musu ankwa, su leƙo ta tsakanin ƙarafa suna murmushi a ɗauke su hoto. Ta nuna mini hotunan. Saurayi da budurwa, iyaye da 'ya'yansu.

Da farko raina ya ce wannan rashin ta ido ne. Wurin da wani ya kwana yana kuka, kai ka je ka yi hoto? Amma da na zauna da maganar sai ta ƙi tsayuwa da ƙafafunta. Na Iksan dai ba a taɓa kulle kowa a ciki ba, sai dai yara da suka makara. Na Jangheung kuwa, me za a yi da shi in ba haka ba? A rushe? Rushewa ma mantuwa ce, wataƙila ta fi hoton muni. A birnin Seoul, kason Seodaemun da aka buɗe a 1908, inda Japanawa suka azabtar da masu neman 'yanci, inda yarinyar nan Yu Gwan-sun ta mutu a 1920, ya zama gidan tarihi a 1998, kuma 'yan makaranta na zuwa su ga ɗakunan da idonsu. A Legas, tsohon kason Broad Street na Turawan mulki ya koma Freedom Park a 2010, ana kiɗa da wasan kwaikwayo a inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay. Ban ga wanda zai ce gara da an share wuraren nan an gina shaguna ba. Hoton da ankwa bai yi mini daɗi ba har yanzu, domin daga cikin waɗanda aka sa wa ta gaske a Jangheung akwai masu rai, suna da waya, suna gani. Sai dai ba nan gizo ke saƙar ba.

Ni abin da na lura da shi, duk wuraren nan da mutane ke rububin zuwa abu ɗaya ya haɗa su: babu kowa a ciki. Sai an kwashe fursunan sannan ƙafarmu ke iya taka wurin.

Ina da filin gaishe-gaishe a rediyo ranar Juma'a da yamma. Akwai wata tsohuwa da takan bugo kusan kowane mako, na san ta tun ina yaro, mu duka Inna muke ce mata. Takan gaida 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da unguwannin da suke, in ta zo kan na ukun sai ta ce, "da wanda ya yi tafiya." Ni na san tafiyar. Abokina ne, tare muka yi makarantar allo, tare muka koyi hawan babur. Yana tsare a wani gidan kaso da ba zan ambata ba, kan kuɗin wani ɗan kasuwa da aka ba shi amana ya ci. Ya ci ɗin, bai taɓa musu ba. Wata goma sha huɗu yana ciki ban je ba. Kullum da dalilina: aiki, nisa, sai an nemi takardar izinin ganawa, ga layi a rana. Gaskiyar ita ce ina tsoron a ga mai maganar rediyo tsaye a ƙofar kaso riƙe da kwano, gobe a ce ɗan'uwansa ɓarawo ne. Amma na samu sama da awa ashirin na zauna da fursunonin Koriya, har na san abin da kowannensu ke so a ci.

Mai karatu zai ce ai fim don nishaɗi ake yin sa, ba a ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Na yarda. Laifin ba na Shin Won-ho ba ne. Abin da nake tuhuma shi ne irin tausayin da muke samu a gaban allo, mai arha, wanda ba ya cin man babur, ba ya sa a gan ka inda ba ka so. Ka yi kukanka, ka kashe waya, ka kwanta kana jin kai mutumin kirki ne. Haɗarinsa ke nan: yana iya biyan bashin a zuciyarka alhali mai bin bashin bai karɓi ko dala ba.

Mu mutanen Wagadugu ya kamata mu fi kowa sanin wannan, tunda garin fim ne. A FESPACO ta 2021 an nuna La Nuit des rois na Philippe Lacôte, labarin dare guda a MACA, babban kason Abijan. Lacôte ya san wurin tun yana yaro, domin an taɓa tsare mahaifiyarsa a can saboda siyasa, yakan je ganinta. Ya gina cikin kason a Grand-Bassam, ya sa tsofaffin fursunoni cikin masu fitowa. Fim ne mai kyau ƙwarai, har ya ci kyautar tsara wuri. Muka yi tafi, muka fito, kowa ya hau babur ɗinsa. MACO kuwa tana nan gabashin gari kan hanyar Fada, cike maƙil, ba sai an gina kwaikwayonta ba. Cikin masu tafin nan nawa ne suka taɓa tsayawa a ƙofarta? Ban da irin su mawaƙi Freeman Tapily, da ya daɗe yana kai wa na ciki wasa, yawancinmu ƙara wuta muke in mun zo daidai katangar.

Na taɓa ɗauko zancen a iska, wani mai sauraro ya bugo a fusace. Ya ce an sace masa babur ɗin da yake ciyar da iyali da shi, bashi ya ci ya saya, har yau yana biya. "Malam, ni wa ya kawo mini kwanon tuwo?" Ban da amsar da ta ishe shi, kuma ba zan yi kamar ina da ita ba. Yana da gaskiya cewa mun iya manta wanda aka cuta. A nan ma shirin na Koriya ya ɗan yi mana wayo: jaruminsa ƙanwarsa ya kare, hafsan sojan ƙazafi aka yi masa. Son irin waɗannan ba wuya, kowa na son marar laifi. Wurin da shirin ya faɗi gaskiya mai ɗaci shi ne kan Han-yang, wanda ya yi fama ya bar ƙwaya a ciki, danginsa na jiransa a waje, ya fito bai kai gida ba ya koma mata, aka sake kama shi nan take. Shi ne ƙanwata ke yi wa kuka. Mai laifi ne, ya maimaita laifin, kuma duk da haka ta kasa cire shi daga cikin mutane. To abokina ma haka yake. Hukunci ya ƙwace masa tafiya inda ya so, wannan haƙƙin ɗan kasuwar ne da na hukuma. Amma alƙali bai rubuta a takardarsa cewa abokansa su daina saninsa ba. Wannan ƙarin mu muka yanke masa, ba zaman kotu, ba ranar ƙarewa.

Tun muna allo ake ba mu ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Kowa na riƙe da rijiya, da riga, da mafarkin sarki. Ni yanzu mutumin da nake yawan tunawa shi ne abokin zamansa na kaso, wanda aka sallama, Yusuf ya roƙe shi ya ambace shi wurin ubangidansa, ya fita ya sha'afa shekaru. Ba mugu ba ne. Bai yi ƙazafi ba, bai jefa kowa rijiya ba. Ya koma bakin aikinsa ne kawai, kuma bai tuna ba sai ranar da aka bukaci mai fassara mafarki. Da ina yaro ban taɓa kawo wa raina cewa a ƙissar nan shi ne ni ba.

Shi ya sa da na ji a 2025 gwamnatin Kano na shirin mai da kason Kurmawa gidan tarihi, a kwashe na ciki zuwa Janguza, ban san ko murna zan yi ba. Ginin tun 1910 yake, a tsakiyar birni kusa da gidan sarki, kuma ya cancanci a adana shi; jikokin waɗanda suka sha ɗauri zamanin En'e suna da haƙƙin ganin inda kakanninsu suka kwana. Wataƙila ma sabon wurin ya fi sarari da iska. Amma Janguza bayan gari take, kan hanyar Gwarzo. Tsohuwar da ke tafiya da ƙafa daga cikin birni ta kai wa ɗanta abinci, yanzu sai ta nemi kuɗin mota zuwa da dawowa. Ranar da za a yanka zaren buɗe gidan tarihin za a cika, har da masu hoto. Ina so in ji ko cikin masu tsara abin akwai wanda ya lissafa kuɗin motar nan.

Na je daga ƙarshe. Ba don na zama wani na kirki ba, kunya ce ta kore ni. Na karɓi takardar, na bi layi tare da mata, don kusan duk layin mata ne, uwaye da matan aure da ƙanne, kowace da kwanonta ɗaure a ɗankwali. Mutum biyu sun gane muryata. Ba abin da ya faru, ƙasa ba ta tsage ba.

Ya rame, ya yi furfura a gemu. Na yi ta shirya jawabin ban haƙuri a hanya, bai bari na fara ba. Ya tambayi lafiyar yara, ya ce in an samu hali a kawo masa sabulu da batir. Na ce batir na me? Ya ce suna da 'yar rediyo a ɗakinsu, su kusan talatin ke sauraro.

"Duk Juma'a ina jin ka, mutumina," in ji shi. "Har na gaya musu tare muka tashi. Ba su yarda ba."

Juma'ar da ta biyo, kafin in buɗe layi, na gaida masu sauraronmu da ke bayan katanga, ban kama suna ba. Can wajen ƙarshen fili Inna ta bugo. Ta jero 'ya'yanta da unguwanninsu kamar kullum, ta zo kan na ukun ta ɗan yi shiru, har na zaci layin ne ya yanke. Sannan ta ce, "da wanda ya yi tafiya."