Salama Sa'anda Gulbi Ya Cika

Mutanen Zauro da Ambursa da Gulma, da sauran garuruwan bakin fadama tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, sun san halin Gulbin Rima. Ruwan da ya ke ƙosar da shinkafa, shi ne kuma ya kan tashi dare ɗaya ya shafe gona. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi wa madatsar Goronyo yawa, ambaliya ta ci garuruwa a ƙasar Sakkwato da Kebbi. A daminar 2020 kuma gulbi ya haɗiye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa gab da yanka, ya bar manoma da bashin taki da na iri. Tun 1969 aka tsara aikin datse fadamar Zauro domin a tsare gonaki daga ambaliya, amma shekaru suka yi ta wucewa aikin bai kai inda aka nufa ba. Ban da ruwa kuma ga tsoron 'yan bindiga. A watan Nuwamba na 2024 suka kashe mutane a Mera, a ƙasar Augie, kusa da Argungu.

To, ga tambaya. Daidai ne mai-bi ya kwanta da rai kwance a irin wannan lokaci? Wani ya kan ce, wanda ya yi barci gonarsa tana ƙarƙashin ruwa, ko dai ba shi da hankali, ko kuwa ba shi da tausayin iyalinsa. Kada mu yi saurin ture wannan magana, gama akwai kwanciyar rai iri biyu waɗanda sun cancanci wannan zargi.

Ta fari ita ce ta mai-cikakken rumbu. Hankalinsa a kwance ya ke domin yana da buhu ɗari a ɗaki. Ran da ruwa ya shiga ɗakin, salamarsa ta bi ruwa. Ta biyu ita ce ta wanda ya naɗe hannu ya ce ya dangana, alhali kuwa ƙyuya ce ko fid da zuciya. Ba ya gyara datsi, ba ya kwashe 'ya'yansa zuwa tudu, kukan maƙwabci ba ya tashe shi. Ubangiji bai alkawarta mana ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Mu duba Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus manzo yana ɗaure cikin jirgin ruwa, za a kai shi Roma, hadiri ya taso masu. Su 276 ne a cikin jirgin, har dare na goma sha huɗu iska tana jifa da su, tsoro ya hana kowa cin abinci. Bulus ne kaɗai zuciyarsa ta tsaya, domin Allah ya ƙarfafa shi da dare. Me wannan salama ta sa shi yi? Shi ne ya lura matuƙa suna shirin gudu cikin ƙaramin jirgi, ya faɗa wa jarumin, aka hana su. Shi ne ya ɗauki gurasa, ya yi godiya a gaban kowa, ya ci, har sauran suka yi ƙarfin hali suka ci. Jirgin dai ya farfashe, kayan ciki suka salwanta, amma ko rai ɗaya bai halaka ba. Mutumin da ya fi kowa natsuwa cikin jirgin, shi ne ya fi kowa amfani.

Masuntan Argungu sun san wannan. Idan kwalekwale ya soma shan ruwa, mai-firgita shi ke kifar da shi. Mai-natsuwa shi ke ɗaukar ƙwarya ya kwashe ruwan. Tsoro ya kan ci ƙarfin da ya kamata a yi aiki da shi. Domin wannan mu ke cewa, salama ta gaskiya tausayi ce ga iyali, gama uban da ya yi addu'a ya sami barci, shi za ya iya tashi da asuba ya nemi iri domin noman rani.

Amma kada mu ruɗi juna. Addu'a ba laya ba ce. Akwai masu-bi da suka roƙi Allah da hawaye, ruwa kuwa ya shiga gonarsu. A kudancin jiharmu, iyayen 'yan makarantar Birnin Yauri da aka sace a watan Yuni na 2021, waɗansunsu sun yi kusan shekara biyu suna jiran 'ya'yansu. Ubangijinmu Yesu da kansa ya roƙi Uba sau uku a Jathsaimani a kawar masa da ƙoƙon wahala, ba a kuwa kawar ba. Duk da haka wanda ya shiga gonar nan da baƙin ciki mai-tsanani, ya fito ya tarye masu-kama shi da natsuwa, har ya warkar da kunnen ɗaya daga cikinsu. Abin da addu'a ta ba shi, shi ne ta ke ba mu: sanin cewa muna hannun Uba, mutuwa ma ba ta iya fizge mu daga wurinsa. Hawaye da salama su kan zauna cikin zuciya ɗaya.

Ƙaƙa za mu nemi wannan salama? Da fari, mu ambaci abin da mu ke tsoro da sunansa a gaban Allah: bashin nan, hanyar kasuwa, ciwon yaro. Tsoron da ba a faɗi sunansa ba ya kan yi girma cikin duhu. Na biyu, mu haɗa da godiya, ko domin tuwon daren nan kaɗai. Bulus ya koya wa Filibiyawa haka cikin sura 4, yana kurkuku kuwa ya rubuta masu. Na uku, kada mu yi addu'a mu kaɗai kullum. Mu zo taron addu'a, mu ji nawayar 'yan'uwa, su ma su ji tamu.

Daga nan sai mu gwada kanmu. Idan mun tashi daga durƙuso, mun fi shirin fita gayyar gyaran datsi? Mun fi shirin raba mudun shinkafa da gwauruwa? Yawancin maƙwabtanmu a wannan kwari Musulmi ne, ambaliya kuwa ba ta tambayar addinin mai-gona. Idan salamarmu ba ta kai mu ƙofar wanda ɗakinsa ya rushe ba, mu koma mu sake roƙo, gama ba mu same ta ba tukuna.

Ya ku ƙaunatattu, damina za ta sake zuwa, gulbi kuma za ya sake cika. Bari mu koyi durƙuso tun ruwa bai kai ƙofa ba. Ubangijin salama shi tsare zukatanmu, shi ƙarfafa hannuwanmu domin aiki, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.