Ko Ya Dace Jami'a Ta Yi Hayar Baki?

Akwai wata gardama da takan taso a jami'o'in Amurka da Kanada wadda ta isa mu yi tunani a kanta. Malamai da masu shara da masu dafa abinci suna zaune da hukumar jami'a ana cinikin albashi, sai labari ya fito cewa hukuma ta ɗauki kamfanin hulɗa da jama'a, tana biyansa domin ya tsara mata abin da za ta faɗa wa ɗalibai da iyayensu da 'yan jarida. Ma'aikata su fusata. Hukuma kuwa ta ce ba ta karya doka ba.

Wannan sana'a ta daɗe tana cin abinci daga rikicin ma'aikata. A ranar 20 ga Afrilu, 1914, a Ludlow cikin jihar Kolorado, dakarun jiha da masu gadin kamfani suka far wa sansanin masu haƙar kwal da ke yajin aiki. Aka ƙone tantuna, mata 2 da yara 11 suka mutu a cikin ramin da suka ɓuya. Iyalin Rockefeller, masu babban hannun jari a kamfanin, suka ɗauki wani tsohon ɗan jarida mai suna Ivy Lee ya gyara musu suna. Ya riƙa fitar da takardu yana rarraba wa manyan ƙasa. A cikin ɗaya daga cikinsu an kawo kuɗin da shugabannin ƙungiyar ma'aikata suke karɓa a shekara, aka nuna kamar na 'yan makonni ne. Da aka titsiye shi a gaban hukumar bincike a 1915, sai ya jingina da cewa masu kamfanin ne suka ba shi bayanan.

A nan matsalar take. Magana ta fita, ta ɓata sunan mutane, amma ba ta da uba. Wanda ya rubuta ya ce ba tasa ba ce, wanda ya biya ya ce ba shi ya rubuta ba.

Sai dai mu yi adalci. Jami'a tana da hakkin bayyana matsayinta, domin iyayen da suka biya kuɗin makaranta suna so su san dalilin da za a rufe aji. Ƙungiyoyin ma'aikata su ma suna da masu magana da yawunsu, wani lokaci ma sukan yi wa zance gishiri fiye da kima. Neman wanda ya iya tsara magana ba zunubi ba ne. Musa ma da ya ce bakinsa yana da nauyi, Haruna aka ba shi.

Amma Haruna ya tafi ne gaban Fir'auna tare da ɗan'uwansa, ido da ido. Kamfanin haya kuwa ba ya zama a teburin sulhu. Aikinsa a waje yake, inda ma'aikaci ba ya nan balle ya amsa. Da safe ana kiran mutum abokin tattaunawa, da yamma ana zana shi a jarida a matsayin mai haɗama. Doka ta takwas ba ta tsaya ga ƙarya tsagwaronta ba. Wanda ya zaɓi albashin malami mafi girma ya nuna wa duniya, ya ɓoye na ɗan kwantiragin da ke koyarwa ba shi da tabbacin aiki a zango mai zuwa, kowace kalmarsa tana iya zama daidai, duk da haka ya ba da shaidar zur.

Paparoma Leo na 13 a 1891, da Paparoma Yohanna Bulus na 2 a 1981, sun koyar cewa ma'aikata suna da hakkin haɗa kai su nemi lada mai adalci. Hakkin nan yakan zama fanko idan ɓangare ɗaya yana da kuɗin sayen kunnen jama'a tun kafin ɗaya ya buɗe baki. Kuɗin kuma daga asusun da aka ce babu abin ƙari a cikinsa yake fitowa.

A ganina laifin ya fi nauyi a kan jami'a fiye da kamfanin kwal. Ita ce take korar ɗalibin da ya murɗe sakamakon bincikensa, ita ce take koya masa ya kawo hujjar da ba ta goyi bayansa ba. Idan dole ne ta nemi taimako, to ta faɗi sunan kamfanin da abin da ta biya, shugabanta ya sa hannu a kan kowace takarda, kada kuma a aika wa 'yan jarida wani adadi da ba a fara ajiye shi a gaban wakilan ma'aikata ba.