Farashin wasiƙar da ba ta isa ba

A farkon shekarar karatu ta bara, wani ɗalibina na aji huɗu na kwaleji ya tsaya bayan an tashi, ya jira sai da ƴan ajin suka watse, sannan ya zaro wata tsohuwar ambulan daga cikin littafinsa na lissafi. Ya ce: "Mushe, kakata ce ta ce in kawo maka ka duba, wai akwai wani mutum daga Yamai da yake so ya saya."

Ambulan ce ƙarama, ta koma launin ƙasa, gara ta ɗan taɓa kusurwarta. A samanta akwai tambur biyu masu hoton masu jan ruwa a rijiya, an danne su da hatimin gidan wayar Tawa na watan Mayun 1940. An yanke gefenta, an sake liƙewa da wata takarda mai ɗauke da kalmomin Contrôle postal, wato masu binciken wasiƙu na lokacin yaƙi sun buɗe sun karanta. A tsakiya an rubuta sunan wani soja da lambarsa da rundunarsa, amma wani hannu dabam ya ja layi a kai, ya rubuta Disparu, ma'ana ya ɓata. A ƙasa kuma ga wani hatimi da ke cewa a mayar wa wanda ya aiko.

Abin da ke ciki bai fi layi goma sha biyu ba, da irin Faransancin wanda ya ɗan zauna a makarantar boko. Uba ne ya sa aka rubuta wa ɗansa. Bayan gaisuwa, yana shaida masa cewa ruwa bai sauka ba tukuna a Adar, matarsa ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, an yanka rago, an sa mata sunan mahaifiyarsa. Wannan jaririya ita ce kakar ɗalibina. Yau ta haura shekara tamanin a nan Keita, kuma ba ta taɓa ganin ubanta ba.

Tambayar da yaron ya zo da ita gajera ce: a sayar ko kada a sayar? Na ce ya ba ni kwana biyu. Na yi fiye da wata ina juya ta.

Ya kamata in fara da yi wa mai sayen adalci, domin a wurinmu an saba ɗaukar masu tara tambur a matsayin Turawan da kuɗi ya yi wa yawa. Ba haka abin yake ba gaba ɗaya. Wanda ya iya karanta bayan ambulan yana karanta tarihin da ba kullum ake samunsa a littattafan makaranta ba. Tambur na farko da ya ɗauki sunan ƙasar nan, a 1921, aro ne: an ɗauko na yankin da ake kira Haut-Sénégal et Niger, mai hoton mahayin raƙumi, aka buga masa Territoire du Niger a kai. Daga 1926, shekarar da aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, aka fara fitar da na rijiya da na kwalekwale da na barikin Damagaram. A 1941 sai ga kan Marshal Pétain a gefen barikin nan, domin daga 1940 zuwa watan Nuwamban 1942 gwamna janar na Dakar, Pierre Boisson, yana tare da gwamnatin Vichy, alhali maƙwabciyarmu Cadi ta bi De Gaulle tun watan Agustan 1940. A shekarun nan, idan mutum ya tsallaka daga Ƙonni zuwa Illela, kan Sarki George na shida zai gani a kan wasiƙa, kuma daga irin wannan hoton ne ƴan'uwanmu na can suka samo sunan da suke kiran tambur da shi, wato kan sarki. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma kawunan da ke kan wasiƙunsu suna gaba da juna, iyaka kuma ta zama abin tsoro.

Masu tara waɗannan abubuwa su ne suka kiyaye yawancinsu. Mu kuwa me muka yi? Takardun kakanninmu nawa aka ƙunsa ƙosai a ciki, nawa ruwan damana ya jiƙa a cikin ɗakin da ya rushe, nawa gara ta cinye a cikin akwatin ƙarfe? Babu wani ɗaki a Keita ko Buza ko Madawa da na taɓa kai ɗalibaina don su ga wasiƙar soja ta 1940 a ajiye cikin gilashi. Idan ambulan ɗin nan ta shiga kundin wani mai tarawa, za ta samu busasshen wuri da hannu mai tsabta, ta ƙara wata shekara ɗari. Idan ta zauna a nan, wataƙila ba za ta wuce jikokin tsohuwar ba. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ban ga yadda zan ture ta ba.

Duk da haka akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma sai da na duba yadda ake yanka wa irin waɗannan kaya farashi a gwanjo na gane ko mene ne. Wasiƙar da ta tafi lafiya, ta isa hannun mai ita, aka karanta aka yi murna, ba ta da tsada, domin irinta suna da yawa. Abin da ke ɗaga daraja shi ne tangarɗa. Hatimin ƙaramin gidan waya kamar na Bilma ya fi na Yamai, wannan ba laifi. Amma bayan shi sai takardar masu bincike ta ƙara kuɗi, katin fursunan yaƙi daga sansanonin da Jamusawa suka tsare sojojin Afirka a cikin Faransa ya ƙara, sannan kalmar nan Disparu ta ƙara fiye da haka. Wato kowane mataki na baƙin cikin gidan nan yana da nasa kuɗi. Da sojan ya rayu ya karɓi wasiƙarsa, da mutumin Yamai bai tako Keita ba. Ba ina cewa mai tarawa yana murna da mutuwar kowa ba. Ina cewa kasuwar da yake ciki ta koya wa idonsa ya tsaya a kan hatimi ya tsallake suna, har ya iya cewa ambulan "mai kyau ce" alhali abin da ya sa ta yi kyan shi ne uban wata bai dawo ba.

Wani abokin aikina, malamin tarihi, ya ce ina tsananta magana. A ganinsa wasiƙar nan ba ta taɓa zama sirri ba: baƙo ne ya rubuta ta, baƙo ya buɗe ta a hanya, baƙo ya ja layi a kan sunan, kuma da ta isa ma, mai yiwuwa wani ne zai karanta wa sojan. To, mene ne idan an ƙara baƙo ɗaya? Maganarsa ta yi mini daɗi, amma ban yarda da ita ba. Waɗancan baƙin, har da mai binciken da ya sa almakashi, ƴan aike ne. Kowanensu ya karɓi saƙon ne don ya miƙa shi gaba, kuma da aka rasa mai shi, sai suka juyo da shi gida. Amana ce ta yi tafiyar dubban kilomita a tsakiyar yaƙi, ta je ta dawo, ba ta salwanta ba. Mai tarawa shi ne na farko a jerin da zai karɓa ba don ya kai wa kowa ba.

Sai kuma batun ciniki kansa. Malaman fiƙihu sun hana a tari fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su ji farashi, kuma dalilin hanin a bayyane yake: ɗaya ya sani, ɗaya bai sani ba. Mutumin Yamai ya taya jika goma. Ya san wurin da zai kai ta, ya san abin da ake biya a can, tsohuwa kuwa a wurinta takarda ce da ta gada a cikin tsumma. Ko da an ce sayarwa halal ce, wannan irin sayen yana da tabo.

A nan ne fa na kama kaina. Ni da nake wannan dogon wa'azi, tun daren farko na ɗauki hoton ambulan ɗin da wayata ba tare da na tambayi kowa ba, har na fara tsara darasin da zan yi da ita a aji, ina jin daɗin kuskuren nahawun marubucin da yadda ya juya gaisuwar Hausa zuwa Faransanci. Ni ma so nake in mallaka, sai dai ni ba ni da jika goma da zan bayar, ina da kalmomi masu daɗi kamar "tarihi" da "gadon al'umma". Kuma cewa "kada a sayar" abu ne mai sauƙi a bakin mai albashi. Gidan nan hatsinsu ba ya kai su Maris. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ban aika da amsa ba, na tafi da kaina wata ranar Juma'a da la'asar. Na zauna a bakin tabarma na karanta mata wasiƙar da Hausa, a hankali. Ta ce in maimaita wurin ragon. Na maimaita. Ta ce an sha gaya mata abin da ke ciki, amma ba a taɓa karanta mata layi bi layi ba. Daga nan na faɗa mata duk abin da na fahimta: cewa ambulan ta fi abin da aka taya, cewa idan ta tafi ba za ta dawo ba, cewa kuma idan ta zauna gara na nan.

Ta yi shiru, sannan ta ce: "Malam, shi mutumin nan, rigar yake so ko maganar?"

Na ce: "Inna, rigar ya fi so, amma zai so ya haɗa duka."

Ta ce: "To, rigar ta Nasara ce. Su suka yi ta, su suka buga mata tambarinsu, su suka rubuta a kai cewa ya ɓata. Su ɗauki abinsu. Maganar ciki kuwa ta kakana ce zuwa ga babana, ba a ba shi ba tukuna, ba ni da ikon sayar da ita."

Ban gamsu ba, kuma har yau ban gamsu ba. Ita ta raba abin gida biyu cikin sauƙi, amma ni na san cewa a jikin rigar nan ne kaɗai aka rubuta lambar sojan da rundunarsa, kuma takardar ciki ba ta da kwanan wata. Idan aka raba su, mai tarawa ya tafi da shaida babu labari, gida ya zauna da labari babu shaida. Na gaya mata haka. Ta ce ita ba ta bukatar shaida cewa an haife ta.

An yi ciniki bayan mako biyu, a kan jika talatin, bayan jikanta ya nuna wa mutumin cewa an san abin da ake ciki. Kafin ya zo, mun zauna ni da yaron mun kwafe duk abin da ke jikin ambulan, gaba da baya, kowane hatimi da kwanan watansa, a cikin wani sabon littafi. Da lambar muka shiga rumbun intanet na ma'aikatar sojan Faransa mai suna Mémoire des hommes, inda aka jera sunayen sojojin da suka mutu a yaƙin. Mun gwada sunan yadda aka rubuta shi a ambulan, ba mu samu ba. Mun gwada da ou a maimakon u, mun ninka baƙi, mun juya sunan uba ya zo gaba, domin magatakardan bariki yadda kunnensu ya ji suke rubutawa. Yaron ya jera rubutu bakwai a shafin ƙarshe, ya soke huɗu. Sauran ukun muna jiran ranar da layin waya zai yi ƙarfi.