Dare guda cikin dajin W

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san harafin W. Da shi muke fara rubuta wuta, da wata, da wake. Ran da nike koya ma ɗalibaina shi, nakan ce musu akwai daji guda cikin ƙasarmu wanda wanga harafi kaɗai ne sunanshi. Sai su yi dariya, su ce Malam na wasa. To, ba wasa ba ne. Kudu da Yamai, kogin Isa ya yi lanƙwasa, ya tafi ya komo, ya sake tafiya ya komo, har in ka duba taswira sai ka ce an rubuta W da ruwa. Shi ya sa nasara sunka sa ma dajin wurin wanga suna.

An maida shi gandun daji cikin shekarar 1954, zamanin mulkin Faransa, shekara 6 kafin mu samu ƴancin kai. Ƙasa uku ke da shi: Nijar, da Benin, da Burkina Faso. Kashinmu ya kai hekta dubu 220. Gulbin Tapowa ne iyakarshi daga arewa, gulbin Mekuru daga kudu. Cikin 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ta ce gadon duniya ne baki ɗaya. Ba a noma ciki, ba a kiwo, ba a farauta, ba a saran icce. Amma a dā an ware wurare inda baƙo zai biya kuɗi ya kafa tanti ya kwana.

Na taɓa kwana nan, dare guda, cikin watan Fabrairu na 2016. Mu takwas ne, duk malamai, mun ƙare wani horo a Yamai. Munka yi karo-karo, munka ɗauki mota, munka bi ta Sayi da Tamu, tafiyar kilomita wajen 150. A bakin shiga anka rubuta sunayenmu, anka haɗa mu da jagora, don ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai.

Kafin mu sauke kaya, jagora ya tara mu ya faɗi dokar wurin. Wuta, ga murhunta, kada a hura ta wani wuri. Icce, wanda ya faɗi da kanshi kaɗai. Shara, kowa ya koma da tashi. In rana ta faɗi, ba mai fita daga sansani, ko da kama ruwa ne sai da fitila kuma kusa. Yana cikin magana sai ga garken zabin daji sun ratso ta gefen tantinmu, ba gudu, ba tsoro. Wani abokinmu mutumin Dakwaro ya dafa kai ya ce: "Wayyo, ga miya na yawo!" Jagora ya yi murmushi ya ce: "Mushe, nan su ne masu gida. Kai ne baƙo."

Daren nan ban yi barci sosai ba. Na tashi a ƙauye, na sha kwana gona lokacin girbi, amma ban taɓa jin dare irin wanga ba. Babu haushin kare, babu kukan jaki, babu sautin turmi. Dorina na gurnani cikin ruwa. Can tsakar dare munka ji wata murya daga nesa, mai nauyi, kamar daga cikin ƙasa take fitowa. Ba wanda ya tambayi ko mine ne. Mutumin Dakwaro ya ja tabarmarshi ya matso tsakiya. Kakana ya sha ba mu labarin zaki, amma ubana bai taɓa jin kukanshi ba. Ni ga shi na ji. Da safe munka ga ɓauna, da gwanki, da gadu, da birai, da giwaye sun zo shan ruwa da ƴaƴansu. Na ce cikin raina: wanda ya hana a taɓa wanga wuri ya kyauta.

Da nan labarin ya tsaya, da ban rubuto muku ba.

Kan hanyar komowa munka tsaya hutawa ƙarƙashin waɗansu kukoki manya, sun taru wuri guda. Na duba ƙasa, sai na ga tsingaro, fasassun tukwane ko'ina. Bahaushe ba ya bukatar a gaya mishi abin da wanga ke nufi. Kuka da yawa wuri guda, ga tsingaro: kufai ne. Mata sun yi daka nan, an haifi ɗiya, an rufe matattu. Dajin W bai taɓa cika da mutane ba, don ƙudan tsando da ciwon makanta na bakin gulbi sun hana zama da yawa. Amma akwai Gurmawa, akwai Fulani da ke ratsawa da shanunsu, akwai masunta da mafarauta. Da nasara sunka shata iyaka, an tada ƙauyukan da ke ciki. Ni kuwa da na zo daga nisan duniya, na ba da kuɗi, na kwana inda jikokinsu ba su da ikon kwana.

Bayan mun fito daga gandun, munka tsaya wani ƙauye sayen zuma. Na samu wani dattijo Ba'are, wanda yunwar 1984 ta koro daga wajen Dogon Dutsi. Munka gaisa. Na ce: "Baba, kuna da arziki, ga wanga daji ƙofar gidanku." Ya dube ni ya ce: "Malam, kai ka kwana ciki?" Na ce i. Ya ce: "Ni shekarata talatin nan, ban taɓa kwana gidan giwa ba. Amma ita ta kwana gonata sau biyu." Bai ƙara kome ba, ya ci gaba da awon zumarshi.

Tambayar da na komo da ita ke nan, kuma ita nike so mu duba tare. Daidai ne a ware ƙasa mai ruwa da ciyawa don namun daji da baƙi masu kallo, alhali manomi na neman gona, makiyayi na neman makiyaya?

Wani zai ce ba daidai ba ne, mutum ya fi dabba daraja. Gaskiya ne. Amma ku tambayi tsofaffin garinku abin da ke cikin dajinku sa'ad da suna yara. Za su lissafa muku barewa, da jimina, da gada, har da zaki. Ina suke yau? Ba wanda ya tashi da niyyar ƙarar da su. Kowa ya ce ɗaya kaɗai zan harba, kowa ya ce ɗan wanga gefe kaɗai zan sassabe. Raƙumin dawa, wanda a dā ke yawo daga Senegal har tafkin Cadi, cikin 1996 bai wuce 49 ba, duk a ƙasar Kure, gabas da Yamai. Da anka tsare su, sun haura 600. Cikin 2018 an ɗauki 8 an kai gandun Gadabeji, arewa da Dakwaro, inda anka daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Da an buɗe dajin W ga kowa, cikin ƴan shekaru zai koma kamar namu: gonaki masu gajiya, iska na kwasar ƙasa. Sa'an nan ba giwa, kuma yunwar gona ba ta ƙare ba, don mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Saboda haka ni ban yarda a buɗe ba.

Amma maganar dattijon nan ma ba ta faɗi ƙasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda ke mishi yoyo. An ce dajin gadon duniya ne. Madalla. To, wa ke ɗaukar nauyin gadon? Ba duniya ba ce. In giwa ta tattake gero, ba hatsin mutumin Faransa ba ne, ba kuma nawa ba ne ni ma'aikaci mai albashi. In zaki ya kama saniya, ta Bafillacen da ke gefen daji ce. In rani ya yi tsanani, shanu sunka hango ɗanyar ciyawa ƙetaren gulbi, shi ne zai zaɓa tsakanin tara da mushe. Daɗin na kowa ne, wahalar ta maƙwabci ce shi kaɗai. Nan ne, a ganina, rashin adalcin yake. Ba ga hanin kanshi ba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga hani. Kowane tsohon gari na da hurumi, wanda ba mai noma shi ko da shi ne ɗan sarki. Muna da burtali, muna da mashaya. Mi ya sa kakanninmu sunka kiyaye su ba tare da bindiga ba? Don kowa ya san akuyarshi za ta ci ciyawar hurumin nan. An hana ka noma, amma kana da rabo. Malamai kuma sun ba mu labarin Sayyadina Umar, lokacin da ya keɓe makiyaya don dabbobin baitulmali. Ya gargaɗi mai tsaron wurin da ya sassauta ma mutane, ya bar mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garkunan manyan attajirai. Dalilinshi: attajiri in dabbobinshi sun mutu yana da gonakin dabino da zai koma ma, talaka kuwa ba shi da kome. Ku duba da kyau. Bai fasa keɓewa ba. Amma ya duba wa hanin zai karya, wa ba zai karya ba.

Ga wani misali da kuka fi ni sani, ku mutanen Maraɗi da Damagaram. A dā, manomi na ganin iccen da ke gonarshi na gwamnati ne. In ya sare reshe, tara. Saboda haka in tsiro ya fito sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kada ya jawo mishi magana. Gonaki sunka zama fili fetal. Daga wajen 1984 anka fara sassaben zamani, manoma sunka ga cewa iccen da sunka raina nasu ne, su yi makamashi, su ba dabba ganye, su saida. Yau gawo, da kalgo, da sabara, da aduwa sun komo bisa miliyoyin hekta. Mutanen ba su sake ba, su ne dai na jiya. Abin da ya sake shi ne sun samu rabo.

Ba na cewa a shiga dajin W a yi sassabe. Giwa ba gawo ba ce, tana son fili mai faɗi inda ba kowa. Amma rabo na da hanyoyi. Jagoranmu ɗan wani ƙauye ne na gefen dajin, da aikin nan yake ciyar da gidanshi, kuma na ga yadda yake duban sawun dabba kamar mai duban garkenshi. Ana iya yawaita irinshi. Kuɗin da baƙo ya biya, kashi ya koma rijiya da ɗakin magani na ƙauyukan gefe, a fili, kowa ya san nawa ne. Wanda giwa ta ɓata ma gona a biya shi da wuri, kafin rumbu ya ƙare. Burtalin da ke zagaye dajin a tsare shi, kada gonaki su cinye, don makiyayin da anka toshe ma hanya ta waje, ta ciki zai bi. An gwada waɗansu daga cikin waɗannan. Abin da na gani da idona shi ne ba su kai ga dattijo mai zuma ba.

Akwai kuma abu guda da ya fi tsaya mini. Yaran ƙauyen nan an haife su da jin kukan zaki, amma ba su san dajin ba sai ta wajen hani da ɓarna. Da za a ɗauki ƴan lakwal na gefen dajin, da iyayensu, a kai su sansanin nan kyauta su kwana dare guda, su ga giwa na shan ruwa ba cikin gonarsu ba, ina tsammani da wani abu ya sake. Mutum ba ya tsaron gidan da ba a taɓa ce mishi bismilla ba.

Yau maganar ta ƙara nauyi. Tun wajen 2020 ƴan bindiga sun samu mafaka cikin dajin W da kewayenshi. An kashe masu tsaron daji da sojoji. Cikin watan Agusta na 2020, a Kure wurin raƙuman dawa, an kashe mutum 8, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2. Baƙi sun daina zuwa. Jagorori sun rasa aiki, ƙauyuka da yawa sun watse. Ban ce rashin rabo ne ya kawo ƴan bindiga ba, wutar daga nesa ta taso. Amma sun iske mutane masu jin haushin dajin, sunka yi musu alkawarin kiwo ba tara. Wanda ba shi da kome cikin abu, saukin ruɗi gare shi. Ban san inda dattijon nan yake yanzu ba, ko jagoranmu.

Makon jiya na sake rubuta W bisa allo, na ba ɗalibaina wanga labari. Ban kai ƙarshe ba sai gardama ta tashi, amma ba kan giwa ba. Wani ya ce hurumin garinmu fa? Gonaki uku sun shige shi tun bara waccan, kowa ya gani, ba wanda ya yi magana. Ɗaya daga cikin masu gonakin na zaune cikin ajin. Ya ce shi ɗiya tara gare shi, a nuna mishi inda zai noma. Wata mata ta ce awakinta biyar, a nuna mata inda za su ci. Har magariba ba mu rubuta ko kalma guda ba. Sun ce ran Juma'a bayan an sauko za su tafi wurin mai gari, kuma sun ce in zo da alƙalami da takarda.