Gida, Ƴaƴa da Idon Mutane: Lissafin Matashin Muridi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurta tsuntsu a sheƙarsa da jariri a cikin mahaifa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda da Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da sauran bayin Allah na gari. Bayan haka:

Idan aka shafa fatihar wazifa, dattawa suka ɗauki takalmansu, akwai sahun da ba ya saurin watsewa. Samari ne. Daga ƙofar zawiya sai fada, a hura gawayi a ɗora shayi. A cikinsu akwai mai lisansi daga jami'ar Abdou Moumouni da ke jiran a buɗe gasar shiga aikin gwamnati, akwai malamin kwantiragi, akwai ɗan kabu-kabu da ke biyan mai babur kullum da yamma. Duk inda hira ta zaga, kafin a sha shayi na uku sai ta faɗo kan aure. Wani ya zolayi wani: "Sidi, yaushe za mu ci goronka?" Shi kuma ya amsa da kalma biyu: "Da me?" Haka abin yake a Yamai, haka a Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Wannan tambaya ba raunin imani ba ce, kuma bai kamata a tare ta da faɗa ba. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanka a Nijar jika 42 ne a wata tun 2024, kafin nan jika 30 ne da ƴan kai, kuma mafi yawan samari ba su da albashin ma gaba ɗaya. A Yamai hayar ciki da falo mai ruwa da wuta tana iya lashe wannan kuɗi kafin a auno shinkafa. Takunkumin da ya biyo bayan watan Yulin 2023 da rufe iyakar Benin sun ɗaga farashin abinci. Damanar 2024 ta rusa dubban gidajen ƙasa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram bai tsira ba, don haka wanda ya ce shi ginin siminti yake so ba girman kai ne ya sa shi faɗi ba. Dattijon da ke cewa a zamaninsu da tabarma da buta aka yi aure gaskiya ya faɗa. Sai dai shi a gidan mahaifinsa aka yanka masa wuri, gayya ta kwaɓa ƙasa ta ɗora azara, rumbun gandu ya ciyar da amarya. Ɗansa da ke Talladje ko Harobanda har ruwan alwala saye yake.

Amma da za a ba saurayin nan takarda a ce ya rubuta abin da yake nufi da "da me", za a tarar ya zuba abubuwa uku a buhu guda ya ɗaure baki: gidan kansa, ƴaƴa, da irin rayuwar da ya zana wa kansa. Da ya jinjina buhun ya ji ba ya ɗaguwa sai ya koma ya zauna. Shari'a kuwa ba ta auna su da mudu ɗaya ba.

Abin da aka ɗora wa miji shi ne mazauni, ba takardar fili ba. Suratuɗ Ɗalaƙ, a aya ta 6 da ta 7, ta ɗaure zaunarwa da ciyarwa da gwargwadon abin da ke hannun mutum, mai yalwa da yalwarsa, mai ƙunci da ƙuncinsa. Wurin da mace za ta rufe ƙofa ta samu sirrinta da amincinta ya wadatar, na haya ne, na aro ne, ko sashe ne a gidan gado. Shugaba (SAW) da ya isa Madina a gidan Abu Ayyuba Al'ansari ya sauka, ya yi watanni a can kafin a gama masallaci da ɗakunan iyalinsa. Ɗakunan nan kuwa na ƙasa ne da zarban dabino. Uwar muminai A'isha (RA) ta ba da labarin yadda takan kwanta a gabansa yana sallar dare, idan zai yi sujada ya taɓa ta ta naɗe ƙafafunta, idan ya miƙe ta shimfiɗa su. Hasanul Basari ya shiga ɗakunan yana yaro a zamanin Sayyidina Usmanu, hannunsa yana taɓa rufi. Lokacin da aka rushe su don faɗaɗa masallaci a zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, Sa'idu ɗan Musayyib ya yi burin da an bar su, don na baya su ga abin da mafificin halitta ya wadatu da shi. Antire-kushe da saurayi ke jin kunyar kai amarya cikinsa bai fi waɗannan ɗakuna ƙunci ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka son mallakar gida aibi ne. Hadisi ya lissafa gida mai yalwa cikin abubuwan da ke kawo jin daɗin ɗan Adam, tare da mace ta gari da maƙwabci na gari da abin hawa. Shehu Tijjani (RA) da ya zauna a Fas daga 1798 a babban gida ya zauna, kuma an san ɗariƙarsa da ɗariƙar godiya, wadda ba ta ce a guji ni'ima ba, cewa ta yi a ga Mai ni'ima a cikinta. Inda aka yi kuskure shi ne wajen jeri. An ɗauko abin da magidanta ke kaiwa gare shi bayan shekara goma sha biyar ko ashirin na zaman aure an mai da shi sharaɗin ɗaura auren. Wanda ya zaga unguwannin bakin gari a Maraɗi ko Yamai zai ga yadda ake gina yawancin gidaje: bana a sayi fili, baɗi a buga bulo a jibge, wata shekara a zagaye, a rufa ɗaki biyu a tare a ciki ba filasta. Sau da yawa adashin uwargida ne ke sayen kwanon rufi. Mutum biyu suka gina shi, ba gwauro ɗaya ba.

Akwai gajeriyar hanya, ita ce bashin banki mai ruwa, kuma ga mai albashi kawai take buɗewa. Muridin da ya karɓi wuridi bisa sharaɗin kiyaye umarnin shari'a ya san matsayin riba. Ko bashin da ba ruwa a cikinsa ba abin wasa ba ne: an kawo gawar wani sahabi, Shugaba (SAW) ya ƙi yi masa salla da kansa saboda bashin da ke kansa, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Abin da ya fi nauyi a buhun nan shi ne wanda ba a son a ambata. Akwatunan lefe da za a buɗe a ƙirga a gaban dangi. Anko kala-kala. Hayar zauren biki da mai hoto da jerin motoci. Babbar waya ta amarya, don ƙawayenta za su tambaya. A ɓangaren uwar amarya, gado da kabad da kujeru da kwanonin da ba za a taɓa cin abinci a ciki ba, an sayar da akuya da gona an ci bashin biki an jera su. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Imamu Malik rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Sayyidina Ali sulkensa ya bayar, kayan ɗakin Nana Faɗima kuwa mayafi ne da salka da matashin fata. Duk ɗalibin zawiya ya san wannan, yana ma iya karantar da shi. Amma ranar da abin ya zo kansa sai ya ce, "Me mutane za su ce?"

A nan ne aikin tarbiyya yake. Malaman tasawwufi sun daɗe suna bayanin cewa ganin halitta shi ne hijabi mafi kauri, kuma riya ba a salla kaɗai take shiga ba. Mutumin da ke faɗin La'ilaha illallah sau ɗari safe da yamma a lazimi yana kore duk wani abin tsoro da abin kwaɗayi ban da Allah, sa'annan ya jinkirta rabin addininsa shekara bakwai don tsoron bakin unguwa, zikirinsa bai gama sauka daga harshe zuwa zuciya ba. Da can idon mutane iyakarsa unguwa. Yanzu yana cikin aljihu, a TikTok da WhatsApp, inda ɗan Bagalam ke auna bikinsa da na ɗan attajirin Kano ko Dubai. Wanda ya ce rayuwar da ya zaɓa ce ya kamata ya tsaya ya bincika ko shi ya zaɓe ta, ko kuwa nuna masa ita aka yi ta yi har ya ɗauka tasa ce.

Ƴaƴa kuma lissafinsu daban ne. Alƙur'ani ya hana kashe ƴaƴa saboda talauci a wuri biyu, kuma malaman tafsiri sun lura da wani bambanci mai daɗi. A Suratul An'am, inda talaucin ya riga ya sauka, an fara ambaton arzikin iyaye kafin na ƴaƴa. A Suratul Isra'i, inda tsoron talaucin ne kawai, an fara da arzikin ƴaƴan. Saurayin fada yana cikin kashi na biyu: yaron da yake tsoron ciyarwa bai zo ba, kuma ba daga rabon ubansa zai ci ba. Sai dai maganar nan ta bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci an mai da ita mafakar sakaci. Lamunin arziki bai sauke wa uba tambayar kiwon da aka ba shi ba. Binciken 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, binciken 2021 ya nuna 6.2, kuma kusan rabin ƴan ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da haƙƙin magani da karatu da tarbiyya a kan wani mutum takamaimai. Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, sahabbai sun yi azalu a zamanin wahayi, Malikiyya sun halatta shi da izinin matar. Ma'auratan da suka yi shawara suka ba da tazara don uwa ta murmure, kada a yi kwanika a wayi gari ɗa kwance uwa kwance, ba su fita daga tawakkali ba.

Tawakkalin ma ana yi masa gurguwar fahimta ta fuska biyu. Wani ya yi aure ba sana'a ba niyyar nema, ya ce Allah Zai kawo, ya bar ƴar mutane da yunwa. Malaman fiƙihu sun ce aure yana iya zama wajibi ga mai iko da ke tsoron faɗawa zina, yana kuma iya zama haram ga wanda ba ya wannan tsoro kuma ba zai iya ciyarwa ba sai da haram. Ga wanda bai samu iko ba, Suratun Nur ta yi umarni da kamewa, hadisi ya nuna azumi. Wani kuma ya ce sai ya ga ƙarshen hanya zai ɗaga ƙafa, wannan shi ma ya dogara ne da lissafinsa. Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina hannu wofi, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya gode ya nemi a nuna masa kasuwa. Da cuku da man shanu ya fara. Ba a jima ba ya yi aure da zinariya mai nauyin ƙwallon dabino, Shugaba (SAW) ya umarce shi da walima ko da tunkiya guda ce. Bai jira ya zama attajirin da aka sani daga baya ba. Mai lisansin da ke jin ya fi ƙarfin ɗinki ko walda ko sayar da albasar Galmi ya tuna cewa Shehu Ibrahim (RA), da duk iliminsa, manomi ne.

Umarnin aurar da gwagware da ke aya ta 32 a Suratun Nur ba samari aka fuskanta da shi ba. Waliyyai da jama'a aka yi wa magana. Saurayi shi kaɗai ba zai iya rage lefe ba, don ba shi ke yanka shi ba, kuma yarinya ba za ta iya hana uwarta cin bashin kayan ɗaki ba. Wanda zai iya shi ne muƙaddamin da zai aurar da ƴarsa da sadaki mai sauƙi a gaban kowa, ya hana a buɗe akwati a ƙirga. Idan babba ya yi, ƙarami ya samu abin fakewa. Haka Alhajin da ke da gidajen haya kuma yake sahun gaba a zikirin Juma'a: ɗaki guda da zai sassauta wa sabon ango na shekara biyu hadiyya ce da ba ta gaza wadda ake kaiwa Kiota ko Kaulaha ba. Ƴan'uwa sun iya haɗa kuɗin mota da na abinci duk shekara idan Maulidi ya zo, akwai ma'aji, akwai littafi, ba a taɓa rasa wanda zai riƙe ba. Littafi na biyu, na jarin sana'a da kuɗin hayar wata shida ga wanda zai yi aure, ba ya buƙatar komai da ba a riga an saba da shi ba, sai dai wani dattijo ya tashi bayan wazifa, kafin samari su fita zuwa fada, ya ce a zauna akwai magana.